Shawara: Manhajata tana aiki a cikin VirtualBox, amma Chrome ya ƙi ganin ta

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun kwamfuta, aikin kammala karatuna kuma wata manhaja ce ta yanar gizo da na rubuta da Django, wani tsarin gina irin waɗannan manhajoji. Laftof ɗina Windows ce, amma malamin da ke duba aikin ya ce a kan Linux za a yi shi, don haka na sa VirtualBox, manhajar da ke tayar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta, na girka wani nau'in Linux mai suna Ubuntu Server a ciki, wadda ba ta da komai sai baƙin allon rubuta umarni. Idan na tayar da manhajar tana nuna min ta tashi a http://127.0.0.1:8000/ ba tare da wani kuskure ba. Amma idan na buɗe Chrome a Windows na rubuta localhost:8000 sai ya ce ERR_CONNECTION_REFUSED. Na duba adireshin Ubuntun na ga 10.0.2.15, na gwada shi, ya yi ta juyawa har ya gaji. Ping ma, umarnin gwada ko ana iya kaiwa ga wata kwamfuta, ba ya zuwa. Wani ɗan ajinmu ya ce in yi Port Forwarding, wato in sa dokar tura saƙo daga Windows zuwa Ubuntu, na yi, sai saƙon ya koma ERR_EMPTY_RESPONSE, na goge abin. Na kashe katangar tsaron Windows gaba ɗaya. Na koma tsarin sadarwar VirtualBox da ake kira Bridged a kan Wi-Fi ɗin makaranta, nan kuma Ubuntun ta rasa intanet ɗin ma. Sau biyu ina goge Ubuntu ina sake girkawa. Saura kwana tara in gabatar da aikin, kuma malamin yana son ya buɗe shi a wayarsa. Kunyar sake tambayar 'yan ajinmu nake ji, har na fara tunanin ko wannan fannin ba nawa ba ne.

Wata ɗaliba

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kafin ki ci gaba da karanta amsar nan, tashi ki kunna katangar tsaron Windows ɗin da kika kashe. Ba ita ce ta tare ki ba, kuma kina yawo da laftof a kan Wi-Fi na jama'a ƙofa a wangale. In kin kunna, sai ki dawo.

Wasiƙarki ta fi ta mutane da yawa da ke aikin nan don neman abinci, domin kin kwafo min saƙonnin kuskuren yadda suke. Abin da ya rage miki shi ne karanta su. Chrome ya gaya miki abubuwa uku mabambanta, ke kuma duk kin ji su a matsayin magana ɗaya, wato "ya ƙi". Ranar da kika yi Port Forwarding saƙon ya canza, kin riga kin ci rabin hanya, sai kika goge kika koma baya. Matsaloli biyu ne suka hau kan juna a wurinki, shi ya sa duk wadda kika gyara ita kaɗai sai ki ga kamar ba ki yi komai ba. Goge Ubuntu da kika yi har sau biyu kuwa, an bar jaki ne ana dukan taiki, don sabuwar Ubuntu da irin saitin tsohuwar take zuwa.

Mu fara da kalmar localhost, don a nan gizo yake saƙar. Akwati ɗaya ne a kan teburinki, amma kwamfuta biyu ne a cikinsa. Windows ce mai masauki, Ubuntu baƙuwa, kowace da nata katin sadarwa da nata adireshi da nata jerin ƙofofi masu lamba har zuwa 65535. Adireshin 127.0.0.1, wanda ake yi wa laƙabi da localhost, ma'anarsa "ni kaina". Duk kwamfutar da ta furta shi, kanta take nufi. Da Django ya ce ya tashi a 127.0.0.1:8000, cikin Ubuntu yake magana. Da kika rubuta localhost:8000 a Chrome, Windows ta ƙwanƙwasa tata ƙofa ta 8000, ba ta tarar da kowa ba, nan take aka ce mata babu. Wannan shi ne ERR_CONNECTION_REFUSED: saƙo ya isa wata kwamfuta, amma babu mai sauraro a wannan ƙofar. Ki lura ba ya ɓata lokaci, kina danna Enter yake fitowa.

Shi kuwa 10.0.2.15 labarinsa daban. VirtualBox yana ɗora kowace sabuwar kwamfuta a kan tsarin da ake kira NAT. A wannan tsarin yana ƙirƙira wa baƙuwar 'yar ƙaramar hanyar sadarwa tata ita kaɗai, ya ba ta 10.0.2.15, shi kuma ya tsaya a 10.0.2.2 a matsayin mashigar fita. Ki tambayi duk ɗan ajinku da bai taɓa saitin ba, za ki tarar shi ma tasa 10.0.2.15 ce. Adireshi ne daga cikin waɗanda aka ware don amfanin cikin gida, kuma Windows ɗinki ba ta san hanyar zuwa wurinsa ba. Sai ta miƙa saƙon ga rautar da kike kai, rauta ma ba ta san shi ba, saƙo ya ɓace a hanya, Chrome ya yi ta jira. Wannan jiran da kika ce ya yi har ya gaji shi ne alamar. NAT yana barin baƙuwa ta fita ta ɗauko abu daga intanet, shi ya sa kike iya girka Django a ciki, amma ba ya barin na waje ya shigo sai an buɗe masa hanya da gangan. Ping ma ki manta da shi a nan: ko bayan komai ya gyaru ba zai kai 10.0.2.15 ba, domin Port Forwarding nau'in saƙonnin da ake kira TCP da UDP kawai yake ɗauka, ping kuwa da wani nau'in daban, ICMP, yake tafiya.

Sai na ukun, wanda na fi so. Da kika sa dokar Port Forwarding, VirtualBox ya tsaya a ƙofar Windows yana karɓar saƙo a madadin baƙuwar. Chrome ya ƙwanƙwasa, VirtualBox ya amsa, ya ɗauki saƙon ya kai ƙofa ta 8000 ta katin sadarwar Ubuntu, wato 10.0.2.15. A can babu mai sauraro, saboda Django ya toshe kunnensa ga kowa sai mai magana ta 127.0.0.1. VirtualBox ya dawo hannu rabbana, ya katse layin. Chrome ya ce an ɗauki kira amma ba a ce komai ba, wato ERR_EMPTY_RESPONSE, wani lokacin kuma ERR_CONNECTION_RESET yake rubutawa. Dokar da kika goge tana aiki daram.

Yanzu ga yadda nake so ki bi abin, daga ciki zuwa waje, kuma kada ki wuce mataki sai kin ga amsarsa da idonki. Ki fara ɗaukar Snapshot na kwamfutar a VirtualBox, wato ki adana ta yadda take a yanzu, don in wani abu ya rikice ki dawo cikin minti ɗaya ba sai kin sake girka komai ba.

Tayar da manhajar yadda kika saba. Tun da ta riƙe allon, ki danna Alt da F2 ki samu allo na biyu a Ubuntu Server, ki shiga da sunanki, ki rubuta umarnin curl, mai neman shafi daga baƙin allo kamar yadda burauza ke yi:

curl -I http://127.0.0.1:8000/

In kika ga layi mai farawa da HTTP/1.1, ko 200 ne ya biyo baya ko 302 ko ma 404, manhajar tana raye tana amsawa. Sai ki rubuta wannan:

ss -tlnp

Zai jero miki duk ƙofofin da ake sauraro. Ki nemi layin da ke da 8000. Na tabbata abin da za ki gani ya yi kama da haka:

LISTEN 0 10 127.0.0.1:8000 0.0.0.0:*

A kula a nan, domin layin yana yaudara. Mutum zai hango 0.0.0.0 a ƙarshe ya ce ai a buɗe take. Wanda ke manne da 8000 shi ne abin dubawa, kuma 127.0.0.1 ne. Don ki tabbatar, ki gwada curl ɗin da 10.0.2.15:8000 daga cikin Ubuntun kanta. Za ta ce miki Connection refused. Kin ga ke nan, ko baƙuwar ba ta iya samun manhajar ta ƙofar waje, balle Windows.

Maganin layi ɗaya ne. Tsayar da manhajar da Ctrl da C, ki sake tayar da ita haka:

python manage.py runserver 0.0.0.0:8000

Idan ana batun sauraro, 0.0.0.0 yana nufin "ta duk katin sadarwar da nake da shi". Umarni ne ga manhaja, ba adireshin da za ki rubuta a Chrome ba ne. Na faɗi haka don na sha ganin an yi. Sake duba ss ɗin, yanzu 0.0.0.0:8000 ya kamata ki gani. In kika maimaita curl zuwa 10.0.2.15:8000 za ki ga 400 Bad Request. Kada gabanki ya faɗi, albishir ne: Django ne da bakinsa ya amsa, yana cewa bai san wannan sunan ba. Za mu zo kansa.

Kada kuma ki ɗauka Django mugunta ya yi miki. Da gangan aka yi shi haka, don kada aikin da ba a gama ba ya bayyana ga duk wanda ke kan hanyar sadarwa ɗaya da ke. Takwarorinsa Flask da Vite da Rails ma haka suke. Flask a 127.0.0.1 yake tashi, ƙofa ta 5000, sai an ce masa --host=0.0.0.0. Vite yana tsayawa a localhost, ƙofa ta 5173, sai an ƙara masa --host. Rails a da yana sauraron kowa, sai a fitowa ta 4.2, ƙarshen 2014, aka mayar da shi localhost, kuma masu aiki a cikin irin kwamfutarki suka wayi gari da irin kukan da kike yi yau. Ramin tsoho ne, ƙwararru da yawa sun faɗa cikinsa.

Sai ki mayar da dokar da kika goge. A VirtualBox ki shiga Settings, Network, Adapter 1, ki tabbatar ya koma NAT daga Bridged ɗin da kika bar shi, ki buɗe Port Forwarding. Protocol ya zama TCP. Host IP ki rubuta 127.0.0.1 tukuna. Host Port ki sa 8080, Guest Port ki sa 8000, Guest IP ki bar shi fayau. Da gangan na ba ki lambobi biyu daban, ko da yake 8000 da 8000 ma zai yi: idan sun bambanta, duk inda kika ga lamba kin san ta wace kwamfuta ce. 8080 ta Windows ce, 8000 ta Ubuntu. Ni da kaina na taɓa raba dare a kan irin wannan, ina zargin katanga, ina zargin rauta, ashe lambobin biyu na juya, na sa ta baƙuwa a gurbin ta mai masauki. Da asuba na gani, ban san lokacin da na yi wa kaina dariya ba.

Daga nan ki buɗe Chrome ki rubuta adireshin a cike:

http://localhost:8080/

Ki rubuta http ɗin da hannunki. Burauza kan yi karambanin mayar da shi https, shi kuma runserver bai iya wannan yaren ba, sai ki ga ERR_SSL_PROTOCOL_ERROR ki ɗauka wata sabuwar masifa ce. Ina kyautata zaton a nan shafinki zai buɗe.

In bai buɗe ba, saƙon da ya fito zai gaya miki inda za ki duba. In REFUSED ne, VirtualBox bai kama ƙofa ta 8080 ba, wato dokar ba ta zauna ba; in kuma wani shafi daban ya fito, wata manhaja a Windows ta riga shi. Ki buɗe tagar umarni ta Windows ki rubuta netstat -ano | findstr 8080 ki gani, in da mai ita ki canza zuwa 8081. Kada dai ki zaɓi 6000, Chrome ya haramta ta tare da wasu 'yan ƙofofi, zai ce ERR_UNSAFE_PORT. In EMPTY ko RESET ne, har yanzu Django yana kan 127.0.0.1 ko ya mutu. In kuma juyawa yake yi ba iyaka, sai a zargi katangar cikin Ubuntu. Ki rubuta sudo ufw status. A Ubuntu a kashe take zuwa, don haka in ba ki taɓa kunna ta ba inactive za ki gani, ki wuce. In a kunne take, sudo ufw allow 8000/tcp ya wadatar. Masu Fedora da Rocky Linux su ne katangarsu, firewalld, ke zuwa a kunne, su sau da yawa sai sun buɗe ƙofar. Katangar Windows da kika kashe kuwa ba ta shiga tsakanin kwamfuta da kanta, shi ya sa kashe ta bai canza komai ba.

Windows tana da curl ita ma, tun Windows 10 ta 2018. In za ki yi amfani da shi a PowerShell ki rubuta curl.exe a cike, don a tsohon PowerShell kalmar curl kaɗai laƙabin wani umarni ne daban. Na fi yarda da shi a kan burauza wajen gwaji, saboda ba ya ajiye tsohon shafi ya nuna miki kamar sabo.

Batun Bridged kuma. Tunaninki bai yi kuskure ba. A wannan tsarin baƙuwa tana fitowa fili ta nemi adireshi daga rauta kamar kowace waya ko laftof, kowa a kan hanyar yana ganin ta kai tsaye. A kan kebul yana tafiya lafiya. A kan Wi-Fi kuwa yawancin katunan mara waya ba sa yarda su ɗauki saƙon wata na'ura, don haka VirtualBox dabara yake yi, ya tura saƙon baƙuwar da lambar katin mai masauki. Rautar gida takan kau da kai. Wi-Fi na makarantu da ma'aikatu, wanda ake shiga da suna da kalmar sirri, sau da yawa ba ya ba na'ura ɗaya adireshi biyu, sai baƙuwar ta tashi babu adireshi sam. Abin da ya same ki ke nan, gudun gara kika faɗa gidan zago. Ko da ya yi aiki ma, Django yana nan a 127.0.0.1, da REFUSED za ki sake gani. Ban ba ki shawarar ki dogara da Bridged ranar gabatarwa ba, domin ya rataya ne a kan rautar da ba ke ke da iko da ita ba.

Akwai tsari na uku da zan so ki sani ko don gaba, Host-only. Kina kashe baƙuwar, ki kunna Adapter 2 ki sa shi a wannan tsarin, ki bar Adapter 1 a NAT don intanet. VirtualBox zai shimfiɗa hanya tsakanin Windows da Ubuntu su kaɗai, Windows a 192.168.56.1, Ubuntu kuma yawanci daga 192.168.56.101 zuwa sama. Babu ruwanki da dokar kowace ƙofa, kuma ko babu Wi-Fi sam yana aiki. Tarkonsa ɗaya: Ubuntu Server ba lallai ta tayar da sabon katin da kanta ba. In kika rubuta ip a kika ga enp0s8 babu adireshi, sai kin shiga fayil ɗin da ke cikin /etc/netplan/ kin ƙara shi da dhcp4: true, sannan sudo netplan apply. Fayil ɗin YAML ne, tazarar farkon layi da maɓallin sarari ake yin ta, in kika sa Tab zai ƙi. Amma da kwana tara a hannunki, ki bar wannan sai bayan kin gabatar. Ba zai kai ki ga wayar malam ba ma.

To, wayar malam. A nan ne 400 ɗin ɗazu zai dawo. Ki koma dokar Port Forwarding ki goge 127.0.0.1 daga Host IP ki bar wurin fayau, ta haka VirtualBox zai karɓi saƙo daga wasu na'urori, ba daga laftof ɗin kaɗai ba. Ki rubuta ipconfig a Windows ki ɗauki adireshin IPv4 na katin Wi-Fi. A kula, za ki ga 192.168.56.1 a jerin, wannan na VirtualBox ne, ba shi ba. Mu ce kin ga 192.168.1.20, to abin da za a rubuta a waya shi ne http://192.168.1.20:8080/. Yanzu ne katangar Windows take da ta cewa, domin saƙon daga waje yake. Ba kashe ta za ki yi ba: ki ƙara dokar shigowa guda ɗaya ta TCP 8080, ko ki amince wa VirtualBox in tagar neman izini ta fito. Ki kuma duba ko Windows ta ɗauki hanyar a matsayin Public ko Private, don doka takan shafi ɗaya ta bar ɗaya.

Wayar za ta isa, Django kuma zai tare ta da shafi mai cewa DisallowedHost. Dalili shi ne, muddin saitin gwaji na DEBUG yana True kuma ALLOWED_HOSTS, jerin sunayen da ya amince da su, babu komai a ciki, sunayen gida kawai yake karɓa, localhost da 127.0.0.1 da takwaransa na IPv6. Ki buɗe settings.py ki gyara:

ALLOWED_HOSTS = ['localhost', '127.0.0.1', '192.168.1.20']

Adireshin laftof ɗin ake sawa, ba 10.0.2.15 ba, saboda Django yana duba sunan da aka rubuta a burauza ne, kuma ba a haɗawa da lambar ƙofa. Ki lura na sake rubuta localhost a ciki. Da zarar kin sa ko abu ɗaya a jerin, waccan alfarmar ta sunayen gida ta faɗi, sai ki gyara waya ki ɓata laftof. Za ki ji masu cewa ki sa alamar tauraro kawai ya karɓi kowa. Na sa'a ɗaya a kan hanyar da ke hannunki, ba zan yi miki faɗa ba, amma ki cire kafin ki miƙa aikin, don malami mai ido zai gani.

Wi-Fi ɗin makaranta na iya sake ba ki kunya a nan, domin irin waɗannan hanyoyin sukan hana na'urorin da ke kansu ganin juna. In ni ne ke, hotspot ɗin wayata zan kunna, in ɗora laftof a kai, in roƙi malam ya hau shi na ɗan lokaci. Shafin ba ta intanet zai bi ba, tsakanin na'urorin biyu ne kawai. Adireshin laftof zai canza in kin canza hanya, har a kan hotspot ɗaya ma yana iya canzawa daga yau zuwa gobe, saboda haka ipconfig da ALLOWED_HOSTS su ne abin dubawa na ƙarshe kafin ki shiga ɗakin.

Abubuwa biyu kan fito a waya waɗanda ba sa fitowa a laftof. Na farko, shafi ya buɗe amma hotuna ko bayanai su ƙi zuwa. Ki bincika cikin aikinki ko akwai inda kika rubuta localhost:8000 ko 127.0.0.1 da hannu, a JavaScript ko a mahaɗin wani hoto. Wayar malam in ta karanta localhost, kanta za ta nema, labarin farko ya dawo. Ki mayar da su adireshi mai farawa da / kawai, ba tare da sunan kwamfuta ba. Na biyu, kada wani ya ba ki shawarar mayar da DEBUG zuwa False daren gabatarwa don aikin ya yi kama da na ƙwararru. Da kin yi haka runserver zai daina kawo fayilolin CSS da hotunan ado, shafinki ya fito tsirara. Gaskiya ne DEBUG a kunne yana tona asirin saitinki ga duk wanda ya jawo kuskure, kuma masu Django da kansu sun ce runserver ba na ɗora aiki ga jama'a ba ne. Shi ya sa na ce hotspot ɗinki, na ɗan lokaci, in an gama ki mayar da 127.0.0.1 cikin Host IP.

Game da ko fannin naki ne. Kin rubuta manhaja ta tashi babu kuskure, kin girka Linux sau uku, kin gano adireshin kwamfuta a baƙin allo. Abin da ya kayar da ke darasin sadarwa ne, kuma ana iya shekara ana koyon rubuta manhaja ba a taɓo shi ba. Laifin da zan ɗora miki ɗaya ne, kina canza abu uku a lokaci guda, kuma ba kya rubuta abin da ya fito bayan kowane canji. Ki ajiye takarda kusa da ke: abin da na taɓa, saƙon da na gani. Ɗan ajinku da ya ce ki yi Port Forwarding ya ba ki rabin amsa, kuma ina zargin shi ma rabin ya sani. Ki koma ki nuna masa layin ss ɗin nan, ba mamaki shi ne zai yi miki godiya.

Ki gwada komai da wayar wata ƙawarki kwana biyu kafin ranar, tun daga kunna laftof har buɗe shafi, a kan hotspot ɗin da za ki yi amfani da shi. In wani wuri ya tsaya, ki aiko min da abu huɗu: layin 8000 daga ss -tlnp, abin da ip a ya nuna, hoton dokar Port Forwarding ɗinki, da abin da curl.exe -v http://localhost:8080/ ya rubuta a Windows, tun daga layin farko har na ƙarshe.